Silas Stone: ya ceci ɗansa ne ko ya zalunce shi?

Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Yau ina so mu ɗan ajiye jaruman littattafan komik gefe, mu dubi iyayensu maza, musamman mutum ɗaya: Dakta Silas Stone, mahaifin Victor Stone wanda aka fi sani da Cyborg. Marv Wolfman da George Pérez ne suka ƙirƙiro su a 1980, kuma labarin asali ya fi na fim ɗaci nesa ba kusa ba. Silas da matarsa Elinore duk masana kimiyya ne a cibiyar S.T.A.R. Labs. Tun Victor yana ƙarami suka riƙa gwada hanyoyin ƙara kaifin ƙwaƙwalwa a kansa. Gwajin ya yi, yaro ya tashi da basira ta fitar hankali, amma ya tashi da haushin iyayensa a zuciya. Ya watsar da abin da suke so masa ya kama wasannin motsa jiki, ya kuma ƙulla abota da wani ɗan ta'adi mai suna Ron Evers. Wata rana ya leƙa wurin aikinsu ana tsakiyar gwajin buɗe ƙofa zuwa wata duniya, abin ya ƙwace, wata halitta ta fito ta kashe Elinore, ta lalata wajen rabin jikin Victor. Silas ya mayar da ita inda ta fito, ya ɗauki ɗansa ya haɗa abin da ya rage na jikinsa da ƙarafa da na'urori. Da Victor ya farfaɗo ya ga kansa, cewa ya yi gara da an bar shi ya mutu.

Yawancin masu karatu a nan suke kama Silas da laifi: ya sauya wa ɗansa halitta ba da izininsa ba. Ni kuwa ina ganin wannan daren shi ne kaɗai lokacin da Silas ya yi abin da uba zai yi. Laifinsa yana can baya, a shekarun da yaron yake da lafiyarsa. Me kuka gani?

Malam Habu:
Wa alaikumus salam. Sadiq, a kan daren nan babu ma abin muhawara. Matarka tana kwance ta cika, ɗanka yana numfashi sama-sama, ga kayan da za su iya riƙe ransa a gabanka, sai ka tsaya neman izinin wa? Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Maganar da Victor ya yi bayan ya farfaɗo kuwa maganar zafin ciwo ce, ba a gina hukunci a kanta.

Zainab:
Malam Habu, a yi mini haƙuri, ban yarda a share maganarsa haka kawai ba. Victor ba jariri ba ne a lokacin, saurayi ne da ya riga ya zaɓi abin da zai yi da jikinsa, gudu da wasa, kuma ya zaɓe su ne daidai don su ne abin da babu hannun mahaifinsa a ciki. Ƙwaƙwalwarsa an riga an taɓa ta, jikin nan shi ne nasa na ƙashin kansa. Sai ya farka ya tarar jikin ma ya zama aikin hannun Silas. Wannan ba zafin ciwo ba ne kawai.

Anti Rabi:
Bari in sa baki da abin da na sani a wurin aiki, ni ma'aikaciyar jinya ce. Idan aka kawo mutum ba ya cikin hayyacinsa kuma jinkiri zai kai shi lahira, ba a jiran sa hannunsa, ana ceton rai ne tukuna. In akwai ɗan uwa a kusa, shi ke sa hannu a takardar tiyata. Ta wannan fuskar Silas ya fita. Amma akwai wata ƙa'idar da ya taka: ba a son likita ya yi wa nasa na jiki babban aiki, domin zuciya tana rufe ido. Shi kuwa Silas a daren nan shi ne uban majiyyaci, shi ne mai tiyata, shi ne mai sa hannu, shi ne ya ƙera kayan da ba a taɓa gwadawa a jikin mutum ba, kuma gwajinsa ne ya jawo haɗarin tun farko. Babu wani na biyu da zai ce masa tsaya nan, wannan ya isa.

Sannan Zainab ta yi gaskiya a wani wuri. Na sha ganin samarin da aka yanke wa ƙafa bayan haɗarin babur. Kwanakin farko da yawansu ba sa son ganin wanda ya sa hannu, ko da mahaifinsu ne. Wasu sukan sauko, wasu sai an daɗe. Ba mu taɓa ce wa majiyyaci ya yi shiru ya gode wa Allah kawai mu wuce ba, sai an zauna da shi an saurare shi.

Malam Habu:
Na karɓi ta biyun, Anti. Amma ta farkon ita ce ke yanke hukunci.

Sadiq:
Anti Rabi ta taɓo abin da nake nufi. Me ya sa Victor bai yarda cewa ƙauna ce ta sa mahaifinsa ya yi abin da ya yi ba? Domin ya daɗe da sanin hannun nan a matsayin hannun mai gwaji. Da a ce Silas ya taɓa zama da shi ba don auna basirarsa ba, da yaron ya fahimci daren nan ta wata fuska.

Bashir Mai Zane:
Ku ba ni wuri in kawo sauran tarihin, don Silas ɗin ba ɗaya ba ne, aƙalla uku ne.

Na 1980 bai daɗe ba. Shi ne ya gina wa Titans, ƙungiyar matasan jarumai da Victor ke ciki, hasumiyarsu mai siffar harafin T a New York, yana neman hanyar da zai kusanci ɗansa. A fitowa ta 7 ta The New Teen Titans, a 1981, ya bayyana cewa gubar tururin nukiliya daga haɗarin nan tana cin jikinsa. Victor ya sauko, ya zauna da shi a ƙarshen rayuwarsa, suka shirya, ya rasu. Shi ke nan, shekara talatin babu Silas a raye cikin babban labarin.

Na biyu ya zo a 2011, lokacin da DC, kamfanin da ke buga littattafan, ta sake fara labaranta daga tushe. Geoff Johns ya rubuta, Jim Lee ya zana. A nan Victor tauraron ƙwallon Amurka ne a makarantar sakandare a Detroit, masu farautar 'yan wasa na jami'o'i suna rububinsa, kujerar mahaifinsa kuwa babu kowa a kanta. Da ya bi shi har wurin aiki, Silas ya nuna masa cewa a duniyar da mutane ke tashi sama suna ɗaga motoci, jifan ƙwallo ba shi da sauran amfani. Suna cikin haka akwatin nan na baƙin duniya da ake kira Mother Box ya fashe ya ƙone Victor, Silas ya ja shi ɗakin da ake ɓoye na'urori mafi haɗari ya sake gina shi.

Na uku shi ne na fim, wanda Joe Morton ya fito a matsayinsa. A fim ɗin Justice League da aka saki a 2017 ya rayu. A na Zack Snyder na 2021, mai awa huɗu, Elinore ta rasu ne a haɗarin mota ita da Victor suna dawowa daga wasan da Silas bai halarta ba, shi kuma daga baya ya ba da ransa wajen zafafa akwatin don ɗansa da abokansa su iya bin sawunsa.

Abin lura, an sauya gari, an sauya haɗari, an sauya yadda uwar ta mutu, amma ba wanda ya taɓa abu ɗaya: uban ba ya nan kafin haɗarin.

Mubarak:
Yaya Bashir, ni fim ɗin 2021 na fara gani kuma wallahi Silas ya ba ni tausayi. Ban san na littafin ya yi gwaji a kan ɗansa ba. Wannan ai mutum biyu ne daban.

Bashir Mai Zane:
Ƙwarai kuwa. Na fim sakaci ya yi, na 1980 da gangan ya yi. Shi ya sa in ana wannan gardama ya kamata kowa ya faɗi wanne yake nufi.

Kawu Ɗanjuma:
Yara, ni na girme ku, kuma na tashi a gidan da uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya wasa da shi, ba ya yaba masa a gaban mutane. Alkunya ce, ba ƙiyayya ba. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, bai taɓa zuwa makarantarmu ba, amma ya sayar da amfanin gona ya biya mini kuɗin jarrabawa, kuma daga bakin gwaggona na ji yadda yake maganata in ba na nan. Da na karanta wurin hasumiyar nan da Bashir ya ambata, abin da ya zo mini ke nan. Akwai mazan da bakinsu ba ya iya faɗa, sai hannunsu ya gina. Kada ku yi saurin yanke wa irinsu hukunci.

Zainab:
Kawu, Allah ya jiƙan Baba. Amma da girmanka zan ce akwai bambanci. Shi ɗan fari a gidan Bahaushe ya san dalilin shirun, gari duka ya sani, kuma akwai kaka da gwaggo da kawu da ke cike gurbin, kai da kanka ka ce gwaggo ce ta isar maka. Victor ba shi da kowa. An tsare shi a gida ana koyar da shi, sai da ya yi rigima kafin a bar shi ya shiga makaranta da sauran yara. Kuma mai alkunya ba ya buɗe baki ya ce wa ɗansa abin da yake so ba shi da amfani. Silas na 2011 ya faɗa, ido cikin ido.

Kawu Ɗanjuma:
Wannan kalmar tasa kam ba ta da kyau, 'yata. Ban kare ta ba. Amma hasumiyar tana nan, ita ma magana ce.

Maman Ilham:
Ina ta karantawa ina jira wani ya tsaya a kan Elinore, ba wanda ya tsaya. Ita ma fa masaniyar kimiyya ce, tare suka yi gwajin a labarin asali. In laifi ne, tana da kaso. Amma marubuta sun kashe ta a shafin haɗarin, suka bar uba da ɗa su yi ta faɗa da shiri. Ku duba sauran. Brian Banner, mahaifin Bruce wanda ya zama Hulk, masanin nukiliya ne da ya sa wa ransa cewa aikinsa ya gurɓata masa jini, saboda haka ɗan da zai haifa dodo ne. Ya riƙa dukan yaron, ya kashe matarsa Rebecca a gabansa. Bill Mantlo ne ya rubuta wannan a 1985. Maria Stark ta mutu tare da mijinta Howard, amma sunan Howard ake ta ja a labarin ɗansu Tony, wato Iron Man. Lara, mahaifiyar Superman, tana tsaye kusa da mijinta Jor-El lokacin da aka sa jaririn a kumbo, amma muryar uban ce ke bin Superman har duniya. Uwa aikinta ta mutu, uba aikinsa ya bar gado. Wannan yana ci mini rai, ba wasa ba.

Sadiq:
Maman Ilham, gaskiyarki. Kuma wurin da na san an bar uwar da rai ta yi magana, labarin ya sauya gaba ɗaya. A Fantastic Four na 1973, ƙarfin da ke jikin Franklin, ƙaramin ɗan Reed Richards, ya fara tumbatsa har ana tsoron zai hallaka duniya. Reed ya harbe shi da wata na'ura da ta kashe masa hankali ya shiga dogon suma. Lissafinsa daidai ne ta fuskar ceton jama'a, amma matarsa Sue, uwar yaron, ba ta karɓi lissafi ba, ta ɗauki ɗanta ta tafi, ƙungiyar ma ta watse na ɗan lokaci. Da Elinore tana raye a daren nan, ita ce na biyun da Anti Rabi ta ce babu.

Malam Habu:
To ai kun kawo mini hujja da kanku. Ku jera su: Brian Banner azzalumi ne, ba mai musu. Reed ya zaɓi duniya a kan ɗansa. Silas kuwa ya zaɓi ɗansa a kan komai, har da dokar wurin aikinsa. Ta yaya za a sa shi layi ɗaya da su?

Zainab:
Ba a sa shi layi ɗaya da Brian ba, Malam. Amma rashin zama mafi muni ba ya wanke mutum.

Mubarak:
Jor-El fa? Shi ai ba shi da laifi ko kaɗan. Ya gargaɗi majalisar duniyarsu Krypton cewa za ta tarwatse ba su saurare shi ba, ya tura ɗansa ya tsira.

Bashir Mai Zane:
Jor-El ya samu sauƙi ne saboda ya mutu kafin ya yi renon kowa. Tun 1939 da Jerry Siegel da Joe Shuster suka fito da shi a zanen jarida, aikinsa ɗaya ne: ya hango, ya ƙera, ya aika. Sauran wahalar duka Jonathan Kent ne ya sha, manomi a Kansas wanda ya reni Superman. Wato marubutan sun raba uban gida biyu, ɗaya ya ba da ƙarfi, ɗaya ya ba da tarbiyya. Silas an ɗora masa duka biyun, ya iya na farko ya kasa na biyu. A wurina shi ya sa ya fi Jor-El zama mutum a shafi.

Ni da nake zane, akwai kuma dalilin sana'a. In kana son jarumi ya samu ƙarfi, dole ka bayyana daga ina. In kana son ya samu ciwon zuciya, dole ka bayyana daga ina. Uba masanin kimiyya yana biya maka buƙatun biyu da mutum ɗaya, a shafuka kaɗan. Har a Japan haka ne: Dakta Tenma na Osamu Tezuka ya ƙera Astro Boy a madadin ɗansa Tobio da ya mutu a haɗarin mota, da ya ga mutum-mutumin ba ya girma sai ya rabu da shi. Nan gida ma Roye Okupe ya bi wannan hanya a E.X.O. na 2015, inda Wale Williams ya bar Najeriya yana fushi da mahaifinsa mai ƙere-ƙere, ya dawo ya tarar uban ya ɓace ya bar masa sulken da ya mai da shi jarumi.

Maman Ilham:
Malam Bashir, to in dabarar tana da sauƙi haka, ba lalaci ba ne a yi ta maimaita ta?

Bashir Mai Zane:
Wani lokaci lalaci ne, Hajiya. Tun da aka dawo da Silas a 2011, sau da yawa za ka ga sun shirya da Victor, sabon marubuci ya zo ya sake ɓata su don ya samu abin rubutawa. Wolfman ya fi su jarumta, ya rufe maganar a fitowa bakwai, sannan ya tilasta wa kansa ya nema wa Victor wata rayuwar. A fitowa ta 8 kuwa Victor ya haɗu da yara masu hannu da ƙafar roba suna wasa a fili, da malamarsu Sarah Simms. Yaran ba su gudu ba, sha'awar ƙarafansa ma suka yi. A nan ya fara zama lafiya da jikinsa, ba a ɗakin gwajin uban ba.

Anti Rabi:
Wannan wurin gaskiya ne ƙwarai. Abin da ya fi taimaka wa wanda aka yanke wa gaɓa shi ne ya ga wani irinsa yana tafiya, yana sana'arsa. Maganar likita ba ta kai wannan ba.

Usman:
Ni ina Amurka da zama, bari in ƙara wani ɓangare da ba a taɓa ba. A 1980 baƙaƙen fata a komik ba su da yawa. Black Panther ya fito a 1966, sarki ne daga ƙasar ƙage. Luke Cage a 1972, daga kurkuku ya samu ƙarfinsa. Sai ga gidan Stone, miji da mata baƙaƙe, dukansu manyan masu bincike a babbar cibiya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a lokacin. Amma a nan akwai tsohon zargi da ake yi wa baƙar fata cewa ba ya zama uba ga 'ya'yansa, kuma yana yi wa mutane ciwo sosai. Shi ya sa kujerar nan da babu kowa a kanta a labarin 2011 ta dame ni. An ba mutum digiri da farar riga, sannan aka maido shi kan wancan zargin ta wata ƙofa. Ina son ganin baƙin uba masanin kimiyya da ke dawowa gida ya ci abinci da iyalinsa, labarin kuma ya samo rigimarsa daga wani wuri.

Sadiq:
Malam Usman, ban taɓa kallonsa ta nan ba, kuma yana da nauyi. Sai dai ina tsoron kada gudun zargi ya sa a goge Silas ya koma mutumin kirki marar aibu. Abin da ya sa nake komawa labarinsa shi ne yana ƙaunar ɗansa da gaske kuma ya cuce shi da gaske, duka a jiki ɗaya.

Usman:
Ba na neman a wanke shi, ɗan uwa. A bar Silas yadda yake. A ƙara wasu ubannin kusa da shi, don kada ya zama shi kaɗai ake gani.

Malam Habu:
Ni dai ina nan a kan bakata. Duk abin da Victor ya zama daga baya, rayukan da ya ceta, yaran nan da Bashir ya ambata, har shirin da suka yi da uban, babu ɗaya da zai yiwu in da Silas ya tsaya yana tunani a daren nan.

Zainab:
Haka ne, Malam. Kuma babu ɗaya daga ciki da ke biyan bashin yarintarsa. Victor na 1981 ya yafe ne don ya ga dama, bayan uban ya sauke girman kai ya nemi shiri. Ba wai ceton ransa ne ya wajabta masa ba.

Mubarak:
Yaya Bashir, yanzu a littattafan Silas yana raye ko ya mutu?

Bashir Mai Zane:
A jerin Cyborg na 2023 da Morgan Hampton ya rubuta, Victor ya koma Detroit ne saboda rasuwar mahaifinsa. Bai gama makoki ba sai ga wani mutum-mutumi ya zo yana cewa shi ne Silas, an kwafi tunaninsa an zuba a na'ura. Wato wannan karon uban ne ya farka a jikin ƙarfe, ɗan kuma shi ne zai yanke shawarar ko ya karɓe shi.

Maman Ilham:
To ina jiran ranar da wani marubuci zai dawo da Elinore haka, a ji ta bakinta a kan gwajin da suka yi wa yaron. Sadiq, in za a buɗe wata muhawarar, a buɗe ta a kanta da Sue Richards, zan kawo abin da nake da shi.